Dankali a Sama, Nama a Ƙasa

A gidajen Faransa akwai wani abinci da ake yawan dafawa idan hunturu ya kama, kuma da wuya ka sami yaron ƙasar da bai ci shi a ɗakin cin abinci na makaranta ba. Hawa biyu ne. A ƙasa naman sa ne da aka daddatsa aka soya da albasa. A sama dankali ne da aka dafa aka murƙushe da madara da bota, aka shafe shi bisa naman har ya rufe shi ruf, sannan aka tura mazubin cikin tanderu sai da samansa ya yi ja. Suna kiransa hachis Parmentier, a baki kuma “ashi Parmantiye”. Kalma ta farko sunan aiki ce, ta biyu sunan mutum. Ba mutumin ne ya ƙirƙiro girkin ba, sai bayan ya bar duniya aka liƙa masa sunansa. Duk da haka sunan ya zauna daram, kuma dalilin zamansa ya cancanci a bi shi a hankali.

Hachis daga hacher ta fito, wato daddatsawa, ita kuma daga hache, gatari. Kalma ce marar ado. Tana faɗin abin da hannu ya yi wa nama a kan katako, sai ta yi shiru. Ba ta ce naman ƙirji ne ko na cinya ba, ba ta ce na yau ne ko na jiya ba. Wannan shirun shi ne amfaninta, domin naman da aka fara yin wannan abinci da shi na jiya ne.

Faransawa suna da wani tsohon girki da suke kira pot-au-feu, tukunya bisa wuta. Babban yankin naman sa ake samu, mai jijiya, a haɗa da ƙashi mai ɓargo, da karas, da albasar da aka soke da kanumfari, da wata doguwar albasa mai kaurin wuya, a bar su suna dahuwa a kan ƙaramar wuta awa uku ko huɗu. Iyali su sha romon, su ci naman da zafinsa. Washegari abin da ya rage ya sandare, kitse ya daskare a jikinsa, rabin daɗinsa kuma tun jiya ya bi romo. Idan aka ajiye shi haka a gaban yara, ture shi za su yi. Zubarwa kuwa ba ta taso ba a gidan da nama ba kullum yake shiga ba. Sai mai girki ta ɗauki wuƙa ta daddatsa shi har siffarsa ta jiya ta ɓace, ta mayar masa da ludayin romon da ya tsotse shi, ta lulluɓe shi da dankali. Abin da ya fito daga tanderu ba wanda zai kira shi saura.

Bahaushe ya san wannan dabara sarai. Tuwon da ya kwana, aka yayyanka shi da safe aka ɗora a wuta da sauran miya, ba ma ce masa “ragowar jiya”. Ɗumame muke cewa, kuma akwai magidantan da suka fi son sa a kan tuwon daren kansa. Amma je kasuwa ka ga abincin sayarwar da ya kwana bai ƙare ba: wannan kwantai ne, kuma da zarar mai saye ya furta kalmar, daraja ta zube, farashi ya faɗi. Dare ɗaya suka kwana. Abin da ya raba su shi ne hannun da ya sake taɓa ɗaya, da sunan da baki ya ba kowanne. Da aka ce suna linzami ne, ba ɗan Adam kaɗai yake ja ba, har da abin da ke cikin kwano.

Girkin kansa ba shi da wuya, amma yana da ƙa’idojin da ba ya yafewa. Ga kilo ɗaya na dankali, rabin kilo na nama ya isa. Ana soya albasa biyu a bota a kan wuta marar ƙarfi har su yi laushi su yi zaƙi, a zuba naman, a sa gishiri da masoro da tafarnuwa kaɗan, a bi shi da romo. A nan ne idon mai girki ke aiki. Idan romon ya yi kaɗan, naman zai fito a bushe. Idan ya yi yawa, hawan sama zai nutse cikin na ƙasa, a wayi gari da fate maimakon hawa biyu. Ana so naman ya jiƙe ba tare da ruwa ya kwanta a ƙarƙashinsa ba. Dankalin kuma mai gari ake nema, irin wanda ke rugurgujewa in ya dahu. A tace shi, a mayar da shi cikin tukunyar mai zafi na ɗan lokaci don tururi ya fice, sannan a murƙushe shi tun yana da zafi, da hannu, a hankali. Wanda ya zuba shi a injin markaɗe ya ɓata aikinsa, domin bugu mai yawa yana fasa ƙwayoyin sitacin da ke ciki, sai dankalin ya koma danƙo. A sa bota da madara mai ɗumi da ɗan garin gyaɗar ƙamshi. A shimfiɗa nama a ƙasa, a bi da dankali tun daga gefen mazubi zuwa tsakiya don kada a bar kafa, a ja layuka a sama da cokali mai yatsu, a barbaɗa cuku ko garin busasshen burodi. Tanderu mai zafin digiri 200, minti 25 zuwa 30. Layukan nan ba kwalliya ba ce kawai, tudunsu ne ke fara gasuwa ya ba da ƙanzon da yara ke rububi. In an sauke, a ba shi minti goma ya huce kafin a yanka, in ba haka ba hawan biyu za su zame su cakuɗe.

Yau yawancin masu yin sa ɗanyen niƙaƙƙen nama suke sayowa, tun da injin niƙa nama mai juyi da hannu ya bazu a ƙarni na 19, daga baya kantuna suka ɗauke wa gidaje aikin baki ɗaya. Abin yana yin daɗi, ban musa ba. Amma naman da ya daɗe a tukunya aka daddatsa da wuƙa yana da zare-zare da haƙori ke ji, kuma yana shan romo fiye da niƙaƙƙe. A ganina shi ne na ainihi.

Wannan ke nan game da hawan ƙasa. Hawan sama labarinsa ya fi tsawo, domin kafin dankali ya rufa wa naman jiya asiri, sai da shi kansa aka nemo wanda zai rufa masa nasa.

Turawan Sifaniya ne suka kawo dankali nahiyar Turai daga Kudancin Amurka a rabin ƙarshe na ƙarni na 16. Ya shafe kusan shekara ɗari biyu a Faransa ba tare da manyan gari sun yarda abincin mutum ba ne. Ana cewa yana jawo kuturta, wataƙila saboda kumburi da tabon da ke jikin ɓawonsa. Ana cewa yana ɓata ƙasa. Tsoron ma ba na banza ba ne gaba ɗaya, domin dankali ɗan dangin zaƙami ne da taba da gauta, ganyensa da ’ya’yansa na sama suna da guba, haka ma saiwar da rana ta taɓa ta yi kore. Amma abin da ya fi kuturta yi masa illa shi ne rukunin da aka jefa shi. An ce abincin aladu ne. Daga nan duk wanda ya ci shi ya faɗi matsayinsa da bakinsa. Hatta babban kundin ilimin nan da Diderot ya jagoranci haɗawa, wanda ya yi suna wajen yaƙi da camfi, a shekarar 1765 ya bayyana dankali a matsayin saiwa marar ɗanɗano mai kumbura ciki, wadda ta dace da ƙauyawa da ’yan ƙwadago masu neman abin cika tumbi.

Abin da ke ba ni tausayi a wannan tarihi shi ne ƙasar tana cikin yunwa lokacin da take wannan ƙyama. Rayuwar talakan Faransa a kan burodi ta rataya, burodi kuma a kan alkama da danginta. Damina ɗaya ta ɓaci, farashi ya tashi, mutane su fita titi. An yi mummunar yunwa a 1769 da 1770. A 1775 tarzoma ta ɓarke a kasuwanni da gidajen burodi na yankin Paris har aka sa mata suna Yaƙin Gari. Ga amfanin gona da ke ba da abinci mai yawa a ƙaramin fili, yana girma a ƙasar da alkama ba ta so, yana ɓoye a ƙarƙashin ƙasa inda ƙanƙara da dawakin sojoji ba sa kai masa. Amma sunansa ya hana a miƙa masa hannu. Mun saba ɗauka cewa yunwa tana share kowane irin ƙyanƙyami. Tarihi bai goyi bayan haka ba. Mutum yana iya ramewa a gefen abin da zai cece shi, muddin harshensa bai sa abin a cikin jerin abinci ba.

An haifi Antoine-Augustin Parmentier a garin Montdidier da ke arewacin Faransa a shekarar 1737. Mai harhaɗa magunguna ne a rundunar soja. A Yaƙin Shekara Bakwai, wanda aka gwabza daga 1756 zuwa 1763, sojojin Furusiya, ɗaya daga cikin masarautun Jamus, suka kama shi. A can dankali ya riga ya sami gindin zama, don sarkinsu Frederick na Biyu ya sha ba da umarnin a noma shi. Da dankali aka ciyar da fursunan. Ya ci, bai kuturce ba, ya dawo gida da lafiyarsa. Fursunoni da yawa sun ci abin da ya ci, suka dawo suka manta, ko suka ji kunyar faɗa. Shi kuwa ya mayar da abin aikin rayuwarsa.

Bayan yunwar 1770, cibiyar masana ta birnin Besançon ta sa gasa a kan tsirran da za su iya maye gurbin abincin yau da kullum a lokacin fari. Parmentier ya lashe ta a 1772 da rubutunsa a kan dankali, kuma a wannan shekarar tsangayar likitanci ta Paris ta amince cewa dankali ba ya cutar da mai cinsa. A 1773 ya buga littafin binciken da ya yi a kan sinadaran da ke cikinsa. Da a ce hujja kaɗai ke sauya ra’ayin jama’a, da aiki ya ƙare a nan. Bai ƙare ba. Mutumin ya gane cewa abin da ke gabansa maganar mutunci ce, kuma mutunci a Faransar wancan zamani daga fada yake gangarowa. Sai ya riƙa shirya walima yana gayyatar manyan mutane, a jera musu abinci kala-kala, kowanne da dankali a ciki. A tsakiyar shekarun 1780 aka ba shi wani fili mai yashi a Sablons, bayan garin Paris, wurin da sojoji ke atisaye, ya shuka dankali ya yi kyau. Ana ba da labarin cewa ya kai wa Sarki Luwi na 16 furen dankali, sarki ya maƙala a rigarsa. Labarin da jama’a suka fi so kuwa shi ne na masu gadi: wai da rana sojoji ke tsaron gonar, da dare su janye, sai mutanen unguwa suka ce abin da sarki ke sa wa gadi ba abin banza ba ne, suka riƙa shiga suna haƙa suna kaiwa gida. Ko yaya aka ƙawata labarin a bakin masu ba da shi, ya kama gaskiyar aikin mutumin. Bai ƙara wa dankali komai ba. Ya cire shi daga wata kalma ya sa shi a wata.

Wani abu da ba a cika ambata ba shi ne shi kansa bai kuɓuta daga ƙangin kalma ba. A wurin Bafaranshen zamaninsa, abinci na gaske burodi ne, sauran duk rakiya suke yi. Don haka Parmentier ya ɓata shekaru yana neman yadda za a yi burodi da dankali, har ya buga littafi a kan haka a 1779. Abin bai karɓu ba, domin dankali ba shi da danƙon nan na garin alkama da ke riƙe iska ya sa ƙulli ya tashi. Dankali ya shiga gidajen Faransa ne ta hanyar da ta fi sauƙi: a dafa, a soya, a murƙushe, a jefa cikin miya. Wannan hanya kuwa ba a ɗakin bincike aka gano ta ba. Manoman gabashin ƙasar, a Alsace da Lorraine da tsaunukan Vosges, sun daɗe suna noma shi suna ci tun kafin a haifi Parmentier. Ba su rubuta littafi ba, ba wanda ya tambaye su. Littafin girki na farko a Faransa da ya keɓanta ga dankali wata mata ce ta fitar da shi, Madam Mérigot, a tsakiyar shekarun 1790, ana cikin juyin juya hali da tsadar burodi, kuma talakawa ta nufa da shi. Yau akwai titi da tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa a Paris masu sunan Parmentier, akwai miyar dankali mai sunansa, kuma a takardar abincin gidajen cin abinci na Faransa, duk inda ka ga sunan, ka san da dankali a ciki. Sunan matar sai masu tonon tarihi.

Ban ga laifinsa a nan ba, kuma ba na cikin masu cewa sunan bai dace da shi ba. Wanda ya kashe shekara arba’in yana wanke sunan abincin talaka a gaban masu mulki, har talaka ya ci abinsa ba tare da sunkuyar da kai ba, ya yi aikin da ya kamata a tuna. Ya rasu a 1813, aka binne shi a maƙabartar Père Lachaise. An ma yi ƙoƙarin sa wa dankalin kansa sunansa, abin bai kama ba, sai ya kama a kan girki. Abin da nake so a lura da shi kawai shi ne suna ba ya ɗaukar mutum biyu. Idan ya ɗauki ɗaya, sauran sun shiga ƙarƙashi.

Tsallaka teku zuwa Ingila, za ka tarar da wannan abinci, hawa biyu, nama a ƙasa, dankali a sama, amma da wani suna. Cottage pie suke ce masa, wato gashin ’yan bukka, kuma an ga sunan a rubuce tun 1791. Ingilishi bai nemi wani masani ya jingina masa ba. Ya dubi waɗanda ke cin dankali a lokacin, ma’aikatan gona mazauna ƙananan gidaje, ya sa wa abincin sunan gidansu. Daga baya, a ƙarni na 19, wani sunan ya fito, shepherd’s pie, na makiyayi, kuma yau masu tsanantawa suna cewa in da naman tunkiya ne na makiyayi, in da naman sa ne na bukka. Faransa ta ɗaga girkin da sunan babban mutum, Ingila ta bar shi da sunan ajinsa. Na ga gaskiya a na Ingilan, ko da yake da farko akwai ɗan raini a ciki, rainin da shekaru suka wanke har kalmar ta koma mai tuna wa mutum gida.

A lardin Kebek na Kanada, inda ake jin Faransanci, an ƙara hawa na uku, masara a tsakanin nama da dankali, aka kira shi pâté chinois, wato na ’yan Sin, alhali babu abin da ya haɗa shi da girkin ƙasar Sin. A Amurka kuwa sau da yawa ba a murƙushe dankalin. Ɗanye ake yanka shi siri-siri, a jera shi hawa-hawa da niƙaƙƙen nama, a kwarara miyar gwangwani da cuku, a gasa. Suna kiransa casserole, kalmar Faransanci da asalinta sunan tukunyar ne. A can an bar mutum da aji da ƙasa, an kira abinci da sunan mazubinsa.

Yanzu mu dawo bakinmu. Mu ma muna da namu sunan ga hawan sama, kuma bai fi na kowa adalci ba. Dankalin Turawa muke cewa, a kasuwa kuma ka ji ana cewa arish. Dalilin a bayyane yake: a hannun Turawa muka gan shi. ’Yan mishan da masu haƙar kuza ne suka yaɗa shi a tudun Jos, inda sanyi ya karɓe shi, kuma har gobe daga Bokkos da Mangu da Barikin Ladi mafi yawan wanda ake ci a Nijeriya yake fitowa. A Nijar ma lambunan tsaunukan Abzin suna ba da shi. Da ya zo ya tarar da wani dankalin a ƙasa, mai zaƙi, sai muka raba su, wannan na Turawa, wancan na Hausa. Amma dankalin Hausan ma baƙo ne. Daga nahiyar Amurka ya fito, shi da rogo da gyaɗa da barkono da tumatir. Riga ɗan’uwansa isowa kawai ya yi, ya zauna har aka manta ranar zuwansa. Masara ma, wadda masana harshe da dama ke danganta sunanta da Masar, a Meziko aka fara noma ta. Sunayenmu na amfanin gona suna riƙe hannun ƙarshe da ya miƙo mana abu, ba su san hannun farko ba.

Shi kuma arish, daga sunan ƙasar Ailan ne, kuma akwai baƙin ciki a ƙarƙashinsa da mai saye a kasuwanninmu ba shi da dalilin sani. Talakawan Ailan sun dogara da dankali fiye da kowa a Turai, saboda ƙananan filayen da masu ƙasa suka bar musu ba abin da zai ciyar da iyali a cikinsu sai shi, kuma yawancinsu iri ɗaya suke shukawa. A 1845 wata cuta ta faɗa wa gonakin, ta riƙa ruɓar da dankali a cikin ƙasa. Kafin 1852 kimanin mutum miliyan ɗaya sun mutu, wasu fiye da miliyan sun yi hijira, ana kuma ci gaba da fitar da hatsi da dabbobi daga tsibirin zuwa Ingila. Abin da aka yi wa Faransa tallarsa a matsayin maganin yunwa, a Ailan shi yunwa ta bi ta shigo, domin an bar mutane ba su da komai sai shi.

Hannun farko yana can saman tsaunukan Andis, a kewayen tafkin Titikaka, tsakanin Peru da Bolibiya na yau. A nan ne, shekaru aƙalla dubu bakwai da suka wuce, manoma suka ɗauki wata ƙaramar saiwar daji mai ɗaci da guba, suka yi ta zaɓe suna shukawa, zuriya bayan zuriya, har ta zama abinci. Ire-iren da suka fitar sun haura 4,000, akwai ja, da rawaya, da shuɗi, da baƙi, kowanne da tsayin dutsen da yake so da girkin da ya dace da shi. Su ne suka gano yadda za a shanya shi a sanyin dare ya daskare, a tattake shi da ƙafa ruwan ya fita, rana ta busar da shi, ya zama chuño da ke shekaru a rumbu bai lalace ba. Daular Inka da shi ta cika ɗakunan ajiyarta. Wannan ilimin noma ne da ya kai duk wanda aka taɓa rubutawa a littafi, kuma babu sunan mutum ɗaya daga cikin masu shi da ya iso gare mu.

A harshen Kecuwa sunan dankali papa. Da Sifaniyawa suka kai shi gida, sai suka cakuɗa wannan suna da batata, sunan da mutanen tsibiran Karibiyan ke kiran dankali mai zaƙi, aka sami patata, daga nan Ingilishi ya ɗauki nasa. Ashe haɗa dankalin biyu a suna ɗaya ba a kanmu aka fara ba. Faransawa suka ce tuffar ƙasa. Jamusawa suka aro sunan wani naman ƙasa mai tsada daga Italiyanci suka murɗa shi ya zama Kartoffel. Kowa ya kira baƙon da sunan wani abu da ya riga ya sani, ko da sunan wanda ya rako shi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi: waɗanda suka yi wahalar shekara dubbai ba su fito a ko ɗaya daga cikin sunayen nan ba.

Yanki ɗaya na sani da girkin nan mai hawa biyu ya riƙe sunan asali. A Ajantina da Chile suna yin sa, niƙaƙƙen nama da albasa a ƙasa, sau da yawa da dafaffen ƙwai da zaitun, dankali a sama, suna kiransa pastel de papa. A cikin duk sunayen da na lissafa, wannan na fi yarda da shi, domin shi kaɗai ya bar kalmar manoman Andis a inda take.

Ba na kira da a daina cewa dankalin Turawa. Harshe ba ya karɓar umarni, kuma sunan ya faɗi wani yanki na gaskiya game da yadda abin ya iso mana. Abin da nake roƙo ƙarami ne. Malamin da ke koyar da aikin gona a firamare, da mai gabatar da shirin girki a rediyo ko talabijin, da mai rubuta littafin yara da Hausa, idan sun zo kan dankali su ƙara jimla ɗaya, su ce mutanen tsaunukan Peru da Bolibiya ne suka fara noma shi, kuma a bakinsu sunansa papa. Ga ma ranar da za a fake da ita: bisa shawarar ƙasar Peru, Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 30 ga Mayu ta kowace shekara a matsayin ranar dankali ta duniya, kuma an fara bikinta a 2024.